Boris ɗin Keke Mai Murfi: Yadda Ake Duba Shi, a Sa Masa Giris, a Canza Shi

Wannan bayani na iyalai mazauna matsugunin Ardjaniré ne da sauran waɗanda suka samu mafaka a cikin garin Bogo da ƙauyukan kewaye.

Tun bayan rikicin Logone-Birni na watannin Agusta da Disamba na 2021, iyalai da yawa suka iso nan bayan sun baro gonaki, dabbobi da kwale-kwale. A gidaje da dama keke ne ya zama jakin gida. Da shi ake ɗebo ruwa, a yo itace, a kai kaya kasuwar Alhamis, a kai mara lafiya asibiti cikin dare. Sau da yawa keke ɗaya ne maƙwabta ke aro a tsakaninsu, don haka ranar da ya kwanta ba gida ɗaya ne ke shiga wahala ba.

Bayaninmu na yau a kan boris ne, ƙaramin ƙarfen nan da wili ke juyawa a kansa. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin wili. Amma idan ya mutu aka ci gaba da hawa, yakan cinye mazauninsa, daga nan sai an sayi wili sukutum ko a jingine keken. Wanda ya iya duba shi da wuri ya tsare wa gidansa kuɗi.

Ina boris yake a jikin keke?

Duk inda wani abu ke juyawa a keke, akwai boris a wurin. Akwai guda biyu a hob ɗin wilin gaba, wato tulun ƙarfen da ke tsakiyar wili inda wayoyi suka haɗu. Akwai biyu ko fiye a hob ɗin baya. Akwai a ƙasan firem inda hannayen feda suke juyawa, akwai a wuyan keke inda sitiyari ke juyawa, sannan akwai ƙanana a cikin fedar kanta.

Iri biyu ne. Na farko shi ne mai 'ya'ya a sake, irin wanda ke kan yawancin kekunan ɗaukar kaya na Sin da Indiya kamar Phoenix da Hero. Idan aka kwance shi, 'ya'yan sukan zubo ɗaya bayan ɗaya. Na biyu shi ne mai murfi, wanda ke zuwa a dunƙule kamar zobe mai kauri. Yana da zoben waje, zoben ciki, 'ya'ya a tsakaninsu, mariƙin da ke raba 'ya'yan don kada su goge juna, da murfi a kowane gefe mai tare ƙura da riƙe giris. Shi ake samu a kan kekunan gwanjo masu giya da yawa, da wasu kekunan guragu, da kurar ruwa da baro. A shagunan Marwa da Garwa za ku ji ana kiransa da sunansa na Faransanci, roulement.

Mutane da yawa suna ɗauka tun da a rufe yake, ba ya buƙatar kulawa. Murfin yana rage shigar datti ne kawai. Yana da ɗan leɓen roba da ke gogar zoben ciki, kuma leɓen yana cinyewa da tafiya.

Abin da ke kashe boris a ƙasar Bogo

Na ɗaya ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗauko ƙura mai laushi kamar gari. Tana bi ta ƙarƙashin murfi, ta cakuɗe da giris, ta zama abin da ke goge ƙarfe a hankali.

Na biyu ruwa. Da damina, idan aka tsallaka Mayo Tsanaga ko wani rafi da keke har ruwa ya rufe hob, ruwan yakan shiga ya ƙi fita. Cikin 'yan kwanaki tsatsa ta kama 'ya'yan. Kekunan da suka kwana cikin ruwa lokacin ambaliyar 2024 ba a duba su ba, da wuya boris ɗinsu ya tsira. Baƙar laka ta filayen masakwa ma tana manne wa hob, idan ta bushe sai ta riƙa cin murfin.

Na uku zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40. Giris marar kyau yakan narke ya tsiyaye, ya bar ƙarfe na cin ƙarfe.

Na huɗu nauyi. Jarka ɗaya mai lita 20 idan ta cika ruwa ta kai kilo 20. Jarka huɗu kilo 80 ke nan, ban da mahayi, kuma yawancin nauyin a kan wilin baya yake sauka. Shi ya sa boris ɗin baya ya fi saurin mutuwa.

Yadda za ku gane ya fara lalacewa

Wannan dubawa ba ta buƙatar kayan aiki. Muna ba da shawarar a yi ta sau ɗaya a wata, da kuma duk ranar da keke ya shiga ruwa mai zurfi.

Ku ɗaga wili daga ƙasa, ku kama taya daga sama, ku girgiza ta hagu da dama. Idan kun ji ƙwas-ƙwas ko wilin yana rawa, ku fara tabbatar notocin da ke riƙe shi a firem a ɗaure suke. In a ɗaure suke kuma rawar tana nan, daga boris ne.

Ku juya wilin, ku ɗora tafin hannu a kan firem kusa da hob. Lafiyayyen boris ba a jin motsinsa. Wanda ya fara mutuwa za ku ji gurnani yana ratsa ƙarfen zuwa hannunku.

Ku cire wilin, ku murza sandar tsakiyarsa da yatsu biyu. Idan tana juyawa sumul da ɗan nauyi kaɗan, lafiya lau. Idan tana juyawa sakayau tana ƙara, giris ya ƙare. Idan tana cijewa tana saki kamar akwai tsakuwa a ciki, ƙarfen ya riga ya ci.

Don ƙasan feda, ku kama hannun feda ku ja shi waje ku tura shi ciki. Don wuya, ku matse birkin gaba ku tura keken gaba da baya. Duk inda kuka ji ƙwanƙwasa, wurin yana neman gyara.

Sa sabon giris ba tare da an cire boris ba

Idan boris ya bushe ne kawai, ba ya rawa kuma ba ya cijewa, ana iya ƙara masa kwana. Za ku buƙaci allura ko tsinin reza, tsumma mai tsabta, tsohon buroshin goge baki, kananzir kaɗan, da giris irin na mota ko babur.

Ku shimfiɗa buhu a wurin da iska ba ta kaɗa ƙura. Ku kwance notoci da murafan gefen hob, kuna jera su bi da bi kamar yadda suka fito, na hagu a hagu, na dama a dama. Ku goge fuskar boris tas kafin ku taɓa murfinsa, don kada dattin waje ya faɗa ciki.

Ku sa tsinin allura a bakin murfin roba, ku ɗaga shi sannu a hankali. A cikin robar akwai siririn ƙarfe, idan ya lanƙwashe murfin ba zai sake zama daidai ba. Ku wanke cikin da kananzir da buroshi, kuna juya zoben ciki, har baƙin ya daina fitowa. Ku bar shi ya bushe sarai. Sai ku cusa giris da yatsa tsakanin 'ya'yan, ku juya, ku ƙara, har ya kai kamar kashi biyu cikin uku na wurin. Ku mayar da murfin yadda yake, ɓangaren rubutu yana kallon waje, ku danna shi da yatsa zagaye har ya zauna.

Kada ku yi amfani da man gyaɗa, man kaɗe ko baƙin man da aka juye daga inji. Man gyaɗa da man kaɗe ba sa jure zafi, suna narkewa su fita. Tsohon baƙin mai kuwa akwai garin ƙarfe a cikinsa. Kada kuma ku wanke da fetur: yana lalata roba, kuma a matsugunin da ɗakuna ke kusa da juna ana girki a waje, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara.

Idan kun gama boris yana nan yana cijewa, giris ba zai warkar da shi ba. Sai canji.

Ku sayi boris da lambarsa

A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Boris biyu za su yi kama a ido, amma bambancin milimita ɗaya ya isa ya hana shi shiga ko ya sa shi rawa. A jikin murfi ko a gefen zobe akwai lamba. Lambar nan iri ɗaya ce a duniya: 6001 na Marwa shi ne 6001 na Kano, ko wane kamfani ya ƙera shi. Ga waɗanda aka fi samu a kan keke da kura. Awon farko faɗin ramin ciki ne, na biyu faɗin waje, na uku kauri, duka da milimita.

6000: 10, 26, 8
6001: 12, 28, 8
6200: 10, 30, 9
6201: 12, 32, 10
6202: 15, 35, 11
6802: 15, 24, 5
6902: 15, 28, 7
6903: 17, 30, 7

Alƙaluma biyu na ƙarshe su ke nuna ramin ciki: 00 milimita 10 ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17. Ku lura 6202 da 6802 da 6902 duk raminsu ɗaya ne, amma faɗin wajensu daban. Sai lambar ta dace gaba ɗayanta.

Bayan lambar akwai haruffa. 2RS na nufin murfin roba a gefe biyu. ZZ ko 2Z na nufin murfin ƙarfe, wanda ke tare babbar ƙura amma ba ya hana ruwa shiga, kuma yawanci ba a iya buɗe shi a sa giris ba tare da an ɓata shi ba. Ga hanyoyin nan namu, ku nemi 2RS.

Idan lambar ta goge, ku tafi da tsohon boris ɗin a gwada shi da sabon gefe da gefe. Idan wani za ku aika Marwa, wadda ke kimanin kilomita 40 daga nan, ku rubuta masa lambar a takarda ko ku tura masa hotonta ta waya. Masu sayar da kayan babur da na injin niƙa sukan ajiye jerin 6000 da 6200. Sirara irin 6802 da 6902 sun fi wuyar samu, wani lokaci sai a manyan shaguna ko wajen masu kekunan gwanjo.

Kafin ku biya, ku sa yatsa a ramin ku juya. Sabon boris yana juyawa shiru da ɗan nauyin giris. Wanda ke wulwulawa sakayau yana ƙara, ko dai babu giris a cikinsa ko tsoho ne aka wanke. Ku duba ko akwai tsatsa ko shaidar duka a gefen zobe. Sunan babban kamfani a jikin kwali ba hujja ba ne, domin ana buga jabu da sunayen kamfanoni irin su SKF da NSK. Ku sayi biyu, a canza hagu da dama lokaci guda, tun da tare suka yi aiki tare suka tsufa.

Cire tsohon

Za ku buƙaci sifana, guduma ƙarama, guntun katako, da guntun rodi marar kaifi. Ku ɗora hob a kan katako biyu, ramin yana tsakaninsu, don boris ya samu inda zai faɗo. Kada nauyin duka ya sauka a kan wayoyin wili.

Hob iri biyu ne. A wani, sandar tsakiya tana da kafaɗa daga ciki. Ku ɗora katako a kan bakin sandar ku buga a hankali, ita za ta turo boris ɗin ɗaya gefen waje. Sai ku mayar da ita ta wancan gefen ku fitar da na biyun. Kada ku bugi sandar da guduma kai tsaye, zaren noti zai mutu.

A wani hob ɗin kuma sandar tana zarewa, a bar wani ɗan bututu tsakanin boris biyun. Ku ture bututun gefe kaɗan, ku sa rodi ta ɗaya ramin har ya taɓa bayan boris. Ku buga sau ɗaya, ku matsa zuwa ɗaya gefen zoben ku buga, kuna zagayawa, don ya fito a miƙe. Idan ya fito a karkace zai faɗaɗa mazauninsa, kuma mazaunin da ya faɗaɗa ba ya sake riƙe boris.

Boris ɗin da aka fitar da duka ya gama aiki a kan keke, ko da yana juyawa, domin dukan ya bi ta 'ya'yansa ya yi musu tabo. Amma kada ku yar da shi tukuna, zai yi amfani wajen sa sabon.

Sa sabon

Ƙa'ida ɗaya ce a nan, kuma ita ce mafi muhimmanci a duk bayanin nan: ƙarfin turawa ya sauka a kan zoben waje kawai. Idan aka bugi zoben ciki ko murfi, 'ya'yan za su lotsa hanyarsu, sabon boris ya mutu tun kafin a hau keken.

Ku goge mazaunin tas, ku shafa giris kaɗan. Idan hob ɗin na alminiyam ne, ku ajiye wilin a rana na ɗan lokaci, boris kuma a inuwa. Ƙarfe mai zafi yana ɗan buɗewa, shigar za ta fi sauƙi.

Hanya mafi kyau ita ce matsewa maimakon duka. Ku samo dogon ƙarfe mai zare wanda zai ratsa hob, da noti biyu da washa masu kauri. Ku ɗora sabon boris a bakin mazauninsa, ku ɗora tsohon a kansa, sai washa, sai noti. A ɗaya gefen ma washa da noti. Ku riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan kuna dubawa. Idan ya fara karkacewa, ku tsaya, ku sassauta, ku daidaita shi. Zai tafi har ya tsaya cak a ƙarshen mazauninsa. Da ya tsaya, ku daina ɗaurewa.

In babu dogon ƙarfe, ku ɗora tsohon boris ko guntun bututu mai faɗin zoben waje a kan sabon, ku sa katako, ku riƙa bugawa a hankali kuna zagayawa. Idan ya kai ƙarshe, ƙarar dukan za ta canza ta yi tauri.

Kafin ku sa na biyu, ku tabbatar kun mayar da ɗan bututun tsakiya, ko sandar in mai kafaɗa ce. Mantuwa da bututun nan yana kashe boris biyun, domin da an ɗaure wili a firem za su matsu ta ciki. Bayan haka ku mayar da murafai da notoci yadda kuka jera su. Ku shafa giris kaɗan a fuskar boris daga waje ya ƙara tare ruwa. Ku murza sandar da yatsu: in ta yi tauri, an ɗaure da yawa ko boris bai zauna daidai ba.

Ƙasan feda da wuya

A kekunan gwanjo da yawa, boris ɗin ƙasan feda yana cikin gwangwani ɗaya da sandarsa, ba a buɗe shi, sai dai a canza shi gaba ɗaya. Cire shi yana buƙatar abin zare hannun feda da soket na musamman, don haka aikin mai gyara ne. Ku sani cewa a yawancin kekuna, ɓangaren kaca zarensa a juye yake: ana kwance shi ta inda ake ɗaure sauran notoci. Fedar hagu ma haka take. Wanda bai san wannan ba yakan yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake, har ya kashe zaren firem. Ku tafi da tsohon wajen saye, domin tsawon sandar ya bambanta daga keke zuwa keke.

Boris ɗin wuya kuwa kada a yi masa jinkiri. Idan sitiyari yana cijewa ko yana rawa, keke mai kaya zai iya ƙwace wa mahayi a cikin yashi. Kada a ɗauki yaro ko mara lafiya a kansa sai an gyara.

Idan kekenku mai 'ya'ya a sake ne

Dubawar duk ɗaya ce, kuma gyaransa ya fi araha. Ku kwance a kan tsumma, ku ƙirga 'ya'yan kowane gefe. Yawanci wilin baya yana da 9 a kowane gefe, na gaba 10 ƙanana. Kada a haɗa tsofaffi da sababbi, kada kuma a haɗa manya da ƙanana. Ku wanke, ku duba ko mazauninsu ya yi ramuka, ku cika da giris, ku ɗaure har rawa ta ɓace amma sandar tana juyawa cikin sauƙi.

Yaushe za a kai wa mai gyara?

Ku kai masa idan sabon boris yana faɗawa mazauninsa da kansa ba tare da an tura shi ba, idan hob ya tsage, idan sandar ta lanƙwashe, ko idan boris ɗin yana can cikin gidan giyar baya. Ku tsaya a yi aikin a gabanku, ku ga lambar sabon da idonku, ku karɓi tsohon ku ajiye don saye na gaba. Idan kun ga zai ɗora guduma a kan zoben ciki, ku ce masa cikin ladabi: "Malam, don Allah a ɗora tsohon a kai tukuna."

Kulawar yau da kullum

Wajen tsallaka ruwan da ya wuce gwiwa, a sauke kaya a ɗaga keken. Wajen wanki, a goge hob da jiƙaƙƙen tsumma maimakon a kwara masa ruwa. A kankare laka tun ba ta bushe ba. A raba nauyin jarkoki daidai hagu da dama, kuma sawu biyu da kaya madaidaici ya fi sawu ɗaya da kayan da ya fi ƙarfin keke. A ajiye keke a inuwa. A sa giris sau biyu a shekara, kafin damina ta sauka da bayan ta ɗauke.

A ɓoye kananzir da 'ya'yan boris inda yara ba za su kai ba. Kada a zuba kananzir a robar ruwan sha ko ta lemo, kada a zubar da wanda aka yi wanki da shi kusa da rijiya ko famfo. Idan yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti nan take. Idan ya haɗiyi ɗan boris ma a kai shi a duba.

Muna roƙon masu karatu su karanta wa maƙwabtansu wannan bayani, su fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa. Gidajen da ke aron keke ɗaya su zauna su shirya wanda zai riƙa duba shi kowane wata, su haɗa kuɗin gwangwanin giris tare, su rubuta lambar boris ɗinsa a ajiye tun kafin ranar buƙata. Samari da 'yan mata masu sha'awar aikin hannu su tsaya kusa idan ana gyara.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya tsare mu a kan hanya.